Yadda Ake Auna Fa'ida da Illar Koren Haidirojin

Da wuya a yi babban taro a kan makamashi ko sauyin yanayi a 'yan shekarun nan a tashi ba a ambaci koren haidirojin ba. Masu yabonsa suna cewa shi ne man gobe, wanda zai tuƙa motoci da jirage, ya narka ƙarfe, ya ɗumama gidaje, ba tare da ya bar komai a sararin sama ba sai tururin ruwa. Masu sukarsa kuwa suna ganin hanya ce mai tsada ta ɓarnatar da wutar lantarki. Kowane ɓangare yana da gaskiya a wani wuri, kuma mai karatu zai iya gano wurin da kansa idan ya riƙe wasu alƙaluma 'yan kaɗan, ya ɗauki biro da takarda, ya bi tambayoyin da ke tafe a duk lokacin da aka gabatar masa da wani shiri ko wani iƙirari.

Alƙaluman da za a riƙe tun farko

Ba a haƙo haidirojin da yawa kamar yadda ake haƙo kwal ko ɗanyen mai, domin a doron ƙasa kusan kullum a manne yake da wani sinadari, ko dai da oksijin a cikin ruwa, ko da kabon a cikin iskar gas da mai. Kafin a same shi sai an kashe makamashi an ɓamɓaro shi, saboda haka matsayinsa na ma'ajiyar makamashi ne da aka samo daga wani wuri. Launukan da ake laƙaba masa suna nuna hanyar da aka bi ne kawai. Wanda aka tace daga iskar gas aka saki hayaƙin shi ne ruwan toka, wanda aka kama wani kaso na hayaƙinsa aka binne shi ne shuɗi, kore kuwa shi ne wanda aka samu ta hanyar ratsa ruwa da lantarkin rana ko iska ko madatsar ruwa, har ruwan ya rabu zuwa haidirojin da oksijin.

Kilo 1 na haidirojin yana ɗauke da makamashin da ya kai kusan kilowat-awa 33, wato yunit 33 na irin wanda mitar lantarki ke ƙirgawa, kusan ninki uku ke nan na abin da kilo 1 na fetur ke ɗauke da shi. Amma kafin na'urar raba ruwa ta fitar da wannan kilo ɗayan, tana shan yunit 50 zuwa 55 na lantarki, da aƙalla lita 9 ta tataccen ruwa. Idan kuma ta hanyar iskar gas aka bi, kowane kilo yana jawo sakin kusan kilo 10 na iskar kabon dayoksaid, ta hanyar kwal kuwa ya kai ninki biyu na hakan. Da waɗannan alƙaluma za a yi kusan duk lissafin da ke gaba.

Ya kamata kuma a san cewa duniya ta daɗe tana amfani da haidirojin. Hukumar Makamashi ta Ƙasa da Ƙasa, wato IEA, ta ƙiyasta cewa an yi amfani da kusan tan miliyan 97 a shekarar 2023, galibi a matatun mai da masana'antun taki da na sinadarai, kuma abin da aka samar ta hanya mai tsafta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Samar da sauran ya saki sama da tan miliyan 900 na kabon dayoksaid a wannan shekarar. Ita ma fasahar raba ruwa tsohuwa ce. William Nicholson da Anthony Carlisle sun yi ta a Landan a 1800, kamfanin Norsk Hydro ya yi taki da ita a Rjukan ta ƙasar Norwe tun ƙarshen shekarun 1920, haka ma masana'antar taki ta Aswan a Masar tun wajen 1960. Arhar iskar gas ce ta ture wannan hanya a yawancin wurare, kuma har yau farashi ne babban abin da ake kokawa da shi.

Wane aiki aka ce zai yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma amsarta kaɗai takan isa a gane ko shiri ya cancanci a ci gaba da dubansa. A tambaya ko lantarki zai iya yin aikin kai tsaye, ta waya ko ta batir. Idan zai iya, da wuya haidirojin ya yi nasara, domin duk lokacin da aka sauya makamashi daga wata siffa zuwa wata sai an yi asara, kamar mai kuɗin da ya bi ta hannun 'yan canji uku kafin ya dawo kan kuɗin da ya fara da su, kowanne ya cire la'adarsa. A ɗauki yunit 100 na lantarkin rana. Na'urar raba ruwa za ta mayar da su haidirojin mai ɗauke da yunit 60 zuwa 67. Matse shi a tanki da kai shi inda ake bukata zai ci wani kaso. Na'urar da ke sake mayar da shi lantarki a cikin mota, wadda ake kira fuwel sel, za ta dawo da rabi ko sama da rabi kaɗan na abin da ya rage. Abin da ke isa ga tayoyi bai fi yunit 30 ba, alhali da a batir aka zuba yunit 100 ɗin, da 70 zuwa 80 sun isa.

Wannan ne ya sa ƙananan motoci masu haidirojin ba su kai labari ba, duk da cewa kamfanin Toyota ya fito da motarsa Mirai tun 2014. Irin wannan mota tana shan kusan kilo 1 a tafiyar kilomita 100, wato sama da yunit 50 na lantarki, inda mai batir ke shan 15 zuwa 20. A farkon 2024 kamfanin Shell ya rufe gidajen sayar da haidirojin na ƙananan motoci da yake da su a Kalifoniya. A jihar Lower Saxony ta Jamus, inda jirgin ƙasa mai haidirojin, Coradia iLint, ya fara ɗaukar fasinja a 2018, hukumar sufurin jihar ta sanar a 2023 cewa jirage masu batir za ta saya wa sauran layukanta saboda sun fi arha wajen gudanarwa. Ɗumama gidaje ya fi wannan ma rauni, domin na'urar da ke janyo ɗumi daga iskar waje tana ba da kusan yunit 300 na zafi daga yunit 100 na lantarki, haidirojin kuwa bai fi 60 zai bayar ba. Birtaniya ta soke gwajin da ta shirya yi a garuruwan Whitby da Redcar a 2023 bayan mazauna sun nuna ƙin amincewa, a Redcar kuma har da rashin isasshen haidirojin. Haka nan idan aka ce za a gauraya kashi 20 cikin 100 na haidirojin a bututun gas, a tuna cewa da girma ake auna wannan kaso, kuma tun da makamashin haidirojin a girma ɗaya bai fi sulusin na iskar gas ba, hayaƙin da za a rage bai wuce kashi 7 cikin 100 ba.

Inda darajarsa take fitowa shi ne inda ake bukatar sinadarin kansa. Amoniya, wadda daga gare ta ake yin kusan duk takin zamani mai naitirojin, haɗin naitirojin ce da haidirojin ta hanyar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita masana'anta a 1913. Kowane tan na amoniya yana bukatar kusan kilo 177 na haidirojin, kuma babu batirin da zai maye gurbinsa. Matatun mai suna amfani da shi wajen cire farar wuta daga dizal da fetur, masu yin metanol ma ba su da makawa sai da shi. A waɗannan wurare mai saye yana nan, ma'aikata sun san yadda ake sarrafa shi, kuma kowane kilo na kore da ya shiga ya kori kilo 10 na hayaƙi. Akwai ma wata fa'ida da ta bayyana a 2022, lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a Turai bayan Rasha ta mamaye Yukiren, masana'antun taki da yawa suka rage aiki ko suka rufe. Masana'antar da ta dogara da rana da iska ba ta jin irin wannan girgiza. Sai dai a lura da wani abu da masu tallata shiri kan tsallake: takin yuriya yana bukatar kabon dayoksaid a cikin haɗinsa, wanda tsohuwar masana'anta ke samu kyauta daga gas ɗin da take tacewa, ita kuwa sabuwar sai ta nemo shi daga wani wuri. Haka abin yake ga metanol da man jirgin sama na haɗi.

Ƙarfe ma yana cikin wannan rukuni. Masana'antar ƙarafa tana sakin kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na kabon dayoksaid ɗin duniya, saboda da kwal ake zare oksijin daga dutsen tama. Haidirojin zai iya yin wannan zarewar, ya bar ruwa a maimakon hayaƙi, kuma shirin HYBRIT na kamfanonin SSAB da LKAB da Vattenfall a Siwidin ya nuna hakan a aikace, har ya miƙa wa kamfanin Volvo ƙarfen farko a 2021. Ana bukatar kilo 50 zuwa 60 na haidirojin ga kowane tan, da kuma tama mai inganci sosai wadda ba kowace mahaƙa ke da ita ba. Tsakanin waɗannan rukunai biyu akwai ayyukan da har yanzu ba a yanke hukunci a kansu ba, irin su manyan jiragen ruwa masu amfani da amoniya ko metanol, jiragen sama masu dogon zango, da ajiye makamashi na makonni domin lokacin da rana da iska suka yi ƙaranci tare. A waɗannan asarar da aka lissafa tana nan, sai dai sauran hanyoyin ma suna da nasu cikas, saboda haka ya dace a saurari hujjar kowane shiri a kan kansa.

Daga ina lantarkin zai fito?

Kalmar kore a takardar shiri ba hujja ba ce, dole a bi sawun wayar. Idan na'urar tana jan wuta daga babban layin ƙasa, a nemi yawan hayaƙin da ke tare da kowane yunit na wannan layi, a ninka da 55. Matsakaicin lantarkin duniya yana zuwa da kusan giram 450 zuwa 480 a kowane yunit, wanda ke nufin kusan kilo 25 na hayaƙi ga kilo 1 na haidirojin, fiye da ninki biyu na wanda aka tace daga gas. Idan layin na kwal ne zalla, adadin ya doshi kilo 50. Sai hayaƙin layi ya sauko ƙasa da giram 200 a yunit kafin a fara cin riba ko kaɗan.

Tarayyar Turai ta kafa sharuɗɗa a 2023 waɗanda za a iya aro su a matsayin ma'auni ko a ina. Lantarkin ya fito daga sababbin tashoshin da aka gina, don kada a janye wutar da mutane ke amfani da ita a bar su da ta kwal. Tashar da na'urar su kasance a yankin layi ɗaya. Kuma a daidaita abin da aka samar da abin da aka sha wata-wata har ƙarshen 2029, daga 2030 kuma awa-awa. Sharaɗin awa shi ne ya fi cizo, domin shi ke hana a sayi takardar shaidar wutar rana da tsakar rana a kuma kunna na'ura da wutar gas da tsakar dare.

Ko da an cika waɗannan, akwai tambayar da ta rage, wato ko wannan ne mafi amfanin abin da za a yi da wutar. Yunit ɗaya na rana da ya kori yunit ɗaya na kwal ya hana fitar kusan kilo 1 na hayaƙi, amma idan aka yi haidirojin da shi aka kori na ruwan toka, bai hana fiye da giram 200 ba. A ƙasar da har yanzu ke ƙona kwal, ko wadda jama'arta ba su da wuta, wannan bambanci na ninki biyar ba abin wasa ba ne. Girman bukatar ma abin dubawa ne, domin mayar da tan miliyan 97 ɗin nan kore zai ci kusan terawat-awa 5,000, wato yunit biliyan 5,000, a shekara, kusan kashi ɗaya cikin shida na duk lantarkin da duniya ke samarwa, tun ba a ƙara sabon amfani ko ɗaya ba.

Yadda ake lissafa farashin kilo

Abubuwa biyu ne ke riƙe da farashi: kuɗin lantarki, da kuɗin kafa na'ura idan aka raba shi a kan awannin da take aiki. Na farko mai sauƙi ne. Idan yunit yana kan santi 3 na dalar Amurka, a ninka da 55, an samu dala 1.65 a kowane kilo. Idan santi 6 ne, dala 3.30 ke nan tun ba a biya komai ba. Na ruwan toka yakan tsaya tsakanin dala 1 da 3 gwargwadon farashin gas a yankin, saboda haka lantarkin da ya haura santi 4 ko 5 ya riga ya sa gasar ta yi wuya.

Na biyun shi ne inda ake yawan ruɗuwa. A ƙaddara cewa kafa na'ura da duk kayan da ke kewaye da ita ya ci dala 2,000 a kowane kilowat, adadin da ke kusa da abin da ake gani a wajen ƙasar Sin, inda farashin ya fi sauƙi ƙwarai. A ƙaddara kuma cewa biyan bashi da ruwansa da gyare-gyare suna cin kashi 10 cikin 100 na wannan a shekara, wato dala 200. Idan farantan sola kaɗai ke ba na'urar wuta, za ta yi aikin da ya yi daidai da kusan awa 2,200 daga cikin awa 8,760 na shekara, kowane kilowat ya ba da kilo 40, nauyin jari a kan kilo ya zama dala 5. Idan aka haɗa rana da iska ta samu awa 5,500, kilowat zai ba da kilo 100, nauyin ya sauko dala 2. Wannan ne dalilin da ya sa wuta mai arha wadda ke zuwa 'yan awanni a yini, irin rarar da ake cewa ana zubarwa, ba ta haifar da haidirojin mai arha.

Da wannan lissafi za a iya gwada kowane iƙirari. Shirin NEOM na Saudiyya, wanda kuɗinsa ya kai dala biliyan 8.4, yana da na'urori masu ƙarfin gigawat 2.2 da tashoshin rana da iska na kusan gigawat 4, kuma an tsara ya samar da har tan 600 na haidirojin a rana, a mayar da shi amoniya. Idan aka yi lissafi za a ga hakan na nufin kusan awa 5,000 a shekara, abin da zai yiwu ne kawai saboda iskar gaɓar Bahar Maliya tana karɓar aiki idan rana ta faɗi. Za a kuma ga cewa sai an gina sama da 400 irinsa kafin a maye haidirojin ɗin da ake amfani da shi yau. Kada a manta da ruwan bashi, domin kusan duk kuɗin irin wannan shiri a farko ake kashe su, kuma ƙasar da ke da rana mai ƙarfi amma masu ba da bashi ke tsoronta za ta iya ƙarewa da kilo mafi tsada fiye da ƙasar da ba ta kai ta rana ba.

Na'ura da ruwa

A tambayi irin na'urar. Mai amfani da ruwan alkali tsohuwa ce, mai arha, da nikel ake yin ta, amma ba ta son wutar da ke hawa da sauka, domin idan ƙarfi ya yi ƙasa sosai haidirojin yakan tsallaka ɓangaren oksijin har a tilasta kashe ta. Rahotanni sun danganta ƙarancin aikin da tashar kamfanin Sinopec mai megawat 260 a Kuqa ta ƙasar Sin ta yi bayan buɗe ta a 2023 da irin wannan matsala. Mai amfani da siririyar fatar roba, wadda ake kira PEM, tana bin sauyin wuta da sauri, amma tana bukatar filatinam da iridiyam, kuma iridiyam ɗin da ake haƙowa a duniya bai kai tan 10 a shekara ba, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu. Mai aiki da zafin digiri 700 zuwa sama ta fi su tattalin wuta, ta kuma dace da masana'antar da ke da rarar tururi.

Batun ruwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba idan aka dubi duniya gaba ɗaya. Da tacewa da sanyaya na'ura, kilo yakan ci lita 20 zuwa 30, kuma cire gishiri daga wannan adadi na ruwan teku bai fi kashi ɗaya cikin goma na yunit ba. Damuwar ta wuri ce: wuraren da suka fi rana su ne suka fi ƙarancin ruwa, don haka a nemi sanin ko daga rijiyoyin jama'a za a ja, da kuma inda za a zubar da ruwan gishirin da ya rage.

Nisan da zai yi kafin a yi amfani da shi

Rashin nauyin haidirojin shi ne babbar wahalarsa. Kilo 1 a sake yana cika kusan mita kubik 11. Ko an matse shi da matsin bar 700, wato kusan ninki 700 na matsin iskar da ke kewaye da mu, irin na tankin mota, mita kubik ɗaya bai ɗaukar fiye da kilo 42, idan kuma aka mayar da shi ruwa sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili, aikin da ke cin kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da ke cikinsa, a samu kilo 71 a mita kubik. Jirgin ruwan Suiso Frontier ya kai irin wannan kaya daga Ostireliya zuwa Kobe ta Japan a 2022, amma gwaji ne da tanki ɗaya mai mita kubik 1,250. Amoniya ta fi sauƙin ɗauka tun da a digiri 33 ƙasa da sifili take zama ruwa, kuma jirage sun daɗe suna dakonta, sai dai guba ce mai kisa idan ta tsiyaye, kuma sake fasa ta don a ciro haidirojin wata asarar ce. Bututu ya fi arha idan kayan na da yawa, shi ya sa Jamus ta amince a 2024 da shimfiɗa layi mai kusan kilomita 9,000, wanda kusan kashi 60 cikin 100 nasa tsofaffin bututun gas ne. A nan ma sai an bincika kowane bututu, domin haidirojin yana kutsawa cikin wasu nau'o'in ƙarfe ya sa su tsagewa. Ajiya mai yawa kuwa a kogunan gishiri na ƙarƙashin ƙasa ta fi arha, kamar yadda ake yi a Teesside ta Ingila tun shekarun 1970 da kuma Texas, amma ba kowace ƙasa ke da irin wannan shimfiɗar gishiri ba. A ganina shirin da ke amfani da haidirojin a inda aka yi shi, ya fitar da taki ko ƙarfe, ya fi wanda ke son tura iskar kanta ƙetaren teku ƙarfin hujja nesa ba kusa ba.

Haɗarinsa na daban ne da na fetur. Yana kama wuta idan yawansa a iska ya kai daga kashi 4 har zuwa 75 cikin 100, inda na iskar gas ke tsakanin 5 da 15, ɗan tartsatsi kaɗan ya ishe shi, ba shi da wari, kuma harshen wutarsa kusan ba a ganinsa da rana. Ma'aikatan hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, sun taɓa riƙa tafiya da tsintsiya a miƙe a gabansu a kusa da bututu, in ta kama da wuta su san akwai harshen da ido bai gani ba. A fili yana tashi sama ya watse da sauri, a cikin gini kuwa yana taruwa a ƙarƙashin rufi, saboda haka a duba hanyoyin fitar iska da na'urorin gano yoyo. Fashewar da ta faru a wani gidan sayar da shi kusa da Oslo a watan Yuni na 2019 ta samo asali ne daga wani toshi na tankin matsi da ba a ɗaure daidai ba. Yoyo yana da wata illar kuma: haidirojin da ya tsere yana tsawaita zaman iskar mitan, wato babban sinadarin iskar gas, a sama, kuma binciken baya-bayan nan ya sa tasirinsa wajen ɗumama duniya a kusan ninki 11 zuwa 12 na kabon dayoksaid a tsawon shekara 100. Idan kuma ƙona shi za a yi a injin ko tanderu, zafin yana haifar da iskar naitirojin oksaid mai cutar da huhu, sai an sa abin rage ta.

Wa zai saya, wa zai biya bambancin?

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sanarwa da yarjejeniyar fahimtar juna ba su ɗaure kowa, don haka a nemi abubuwa biyu: ko masu shirin sun yanke shawarar ƙarshe ta zuba jari, da ko akwai mai saye da ya sa hannu a kan farashi da adadi na shekaru masu yawa. Har zuwa 2024, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na abin da aka sanar za a samar kafin 2030 ne ya kai matakin shawarar ƙarshe ta zuba jari. NEOM ya samu bashi ne saboda kamfanin Air Products ya ɗauki alkawarin sayen duk amoniyarsa na shekara 30. Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin samar da tan miliyan 10 da shigo da wasu miliyan 10 kafin 2030, amma kotun binciken kuɗinta ta ce a 2024 burin bai ginu a kan ingantaccen nazari ba. Indiya ma ta sa burin tan miliyan 5 a shirinta na 2023.

A duba tallafi da tsawon ransa. Dokar Amurka ta 2022 ta ba da rangwamen haraji har dala 3 a kilo, wanda ya isa ya rufe yawancin giɓin, amma wata doka a 2025 ta gajarta wa'adin shiga cikinsa. Tallafin gini kaɗai ma bai wadatar ba, domin a 2025 kamfanin ƙarafa na ArcelorMittal ya janye daga shirin sauya masana'antunsa na Bremen da Eisenhüttenstadt duk da tallafin kusan yuro biliyan 1.3 da aka ware masa, yana mai kafa hujja da tsadar makamashi da rashin haidirojin mai araha. Idan shirin na fitarwa waje ne, kamar na Hyphen da ke kusa da Lüderitz a Namibiya, ƙasar da ke sayo fiye da rabin lantarkinta daga maƙwabta, a karanta abin da yarjejeniya ta tanada game da wuta da ruwa ga jama'ar wurin, da haraji, da kuma wanda bashin zai hau kansa idan mai saye ya fasa.

Sannan a bi ƙarin kuɗin har zuwa wanda zai cire shi daga aljihunsa. Mota tana ɗauke da kusan tan ɗaya na ƙarfe, saboda haka ko da tan ya ƙara dala 200 ko 300, mai sayen sabuwar mota da kyar zai ji, kuma wannan ne ya sa kamfanonin motoci suka kasance cikin na farko da suka yarda su biya ƙari a kan irin wannan ƙarfe. Taki kuwa manomi ne ke sayensa kai tsaye, haidirojin kuma shi ne mafi girman kaso a kuɗin yin amoniya, ta yadda ƙarin dala 2 a kilo yana ɗora kusan dala 350 a kan kowane tan. Shirin takin da bai fayyace ko gwamnati ce, ko harajin hayaƙi, ko kamfanin abinci zai ɗauki wannan dala 350 ba, lissafinsa bai kammala ba, kuma ya kamata a mayar wa masu shi su cike wannan gurbi kafin a ci gaba da magana.